Gwalon Malam Bube

Likitan da ya duba Baba a Tambuwal yaro ne mai kirki, amma da ganinsa ka san ba a gidan malamai ya tashi ba. Ya gama bayanin magani, ya ce ɓarin jikin da ya shanye zai dawo sannu a hankali. Sannan ya dubi dattijon da rabin Kebbe suka yi karatu a gabansa, ya ce kullum safe da yamma ya riƙa zaro harshe waje, ya kai shi dama, ya kai shi hagu, ya taɓo leɓen sama da shi. Har da gwada mana da nasa harshen.

Innarmu Ummulkulsum ta ja mayafi ta rufe baki. Da muka fito ta raɗa mini, "Zahara'u, gwalo fa yac ce Malam shi yi."

Na ce, "Magani na, Inna."

"Na ji magani na. Amma gwalo na."

Gaskiyarta. A wurinmu zaro wa mutum harshe aikin yaran da suka rasa mafaɗi ne, kuma Baba, Malam Bube, ya sha zane mu a kansa muna ƙanana. Don haka da muka dawo gida ko kallon maganar bai yi ba. Likita kuwa ya ja mana kunne cewa harshen da aka bari a kwance kwanciyarsa zai yi ta yi, in aka daɗe ba lallai ya sake tashi ba.

Harshe shi ne gonar Baba. Tun zamanin da arzikin mai ya shigo ya je Hajji, ya dawo da rediyo da tarin kaset na karatu, ya zauna ya gyara bakinsa, sannan ya shiga gyara na mutane. Harafi ɗaya ne ya fi ba shi aiki, wanda masu allo ke kira lodi, wanda bakin Bahaushe ke mayarwa lam. Shi ya sa muke cewa farilla da Ramalan. A ƙarshen Fatiha yake tare ɗalibi. Kana cewa "walal-lallin" zai ɗaga yatsa ya ce, "Da gefen halshe shika fita, ba da tsini ba. Jingina gefe ga turamen haƙora na sama, ka ja shi."

Bayan an sallamo shi daga asibiti, wata safiya ya gwada karanta Fatiha da ƙarfi. Ina tsaye bakin ƙofa da kwanon kunu. Ya lallaɓa har ya zo ƙarshe, sai lodi ya fito masa lam, lam ɗin ma a jiƙe. Daga ranar ya rufe bakinsa, ko ruwa yake so sai dai ya nuna randa. Ɗalibansa su zo su zauna a zaure, su gaji su tashi. Na baro mijina da 'ya'yana a Tambuwal na tare a gida jinya. Na yi lallashi, na yi kuka, na kawo madubi na ajiye masa, ya kife shi. Ni mai saurin fushi ce, kowa ya sani, amma ba a yi wa uba tsawa, sai na riƙa sauke haushina a kan tukwane.

Da kuma kan Atiku. Atiku ƙanena ne, yana gyaran waya a bakin tashar Tambuwal. Gemu ya cika masa fuska, amma har yau bai rabu da wani wasan waya ba, wanda ake tara dodanni ana haɗa su faɗa. Shi har ɗaukar kansa yake a bidiyo yana bayani da Hausa, wane dodo ne ya yi kyau, wane ne ke da amfani a fage, samari har Fakku sun san muryarsa. Baba ya daɗe da sa wa abin suna shiririta, ni ma ina taya shi. Kuma cikin duk waɗanda suka zauna gaban Baba, Atiku ne kaɗai lodinsa ya ƙi gyaruwa, har uban ya gaji ya sa masa ido. Gaisuwa ce kawai ta rage tsakaninsu.

Ranar da ya zo a kan babur, hanyar Kebbe ta gama jijjiga shi, ban bari ya huta ba. Na ce bayan la'asar ya zauna da Baba a rumfa, ni ma in sami hannun yin aiki. Ya zauna. Baba na kishingiɗe ido a rufe. Ba a jima ba na ga ɗan'uwan nawa ya zaro waya, ya rage murya, ya fara sana'arsa. Ina gefe ina tsintar wake, ina harararsa.

"Jama'a, yau masu dogon halshe za mu duba," in ji shi. "Na farko Bulala. Ku dube shi, siriri awa hawainiya, idanu a waje. Wanda yaz zana shi ya iya aikinai, ko wutsiyatai naɗe take awa gammo. Halshenai na kai ƙarshen fili, shi tsinke abokin gaba tun bai iso ba. Aibinai guda, in ya jefa, kafin shi naɗe an cim mai. Ku aje shi baya, kada ku sa shi gaba."

Ya shafa wayar. "Na biyu Damo. Ni nis sa mai sunan, don halshenai biyu na. Shina bugun mutum biyu lokaci guda, amma kowa rabin bugu shika samu, awa mai maganar halshen damo, bai ce e ba bai ce a'a ba. Sai dai haƙuri. A yi ta dukanai shina tsaye."

Dariya ta taso mini na danne. Yaron ya iya baki, ban taɓa tsayawa na saurare shi ba sai ranar.

"Na ukku Lasau. Ƙaton kwaɗo mai kunnen akuya, halshenai faɗi awa faifai, ya yi mai nauyi har shina jan ƙasa. Ni dai tausai shika ba ni, don zanen ya yi kyau, ga ido na mutunci. Amma wurin faɗa babu. Kafin shi ɗaga halshen an gama da shi. Halshen da yay yi nauyi haka ba shi da sauran amfani, a aje shi shi huta."

Waken ya tsaya a hannuna. Da akwai ludayi kusa da na jefe shi da shi. A gaban wa yake wannan magana? Na ɗago a tsorace na dubi Baba, sai na ga idonsa a buɗe.

Ya miƙo hannunsa mai lafiya. Atiku ya matsa ya riƙe masa wayar, ya sa faɗan. Ni ma na leƙa. Ga Lasau nan, abin tausayi, an haɗa shi da wani mai ƙaho. Ya tunkare shi gaba da gaba, ya fara ɗaga harshe da ƙyar, mai ƙahon ya tunkuɗe shi ya faɗi. Baba ya yi nuni a sake. Aka sake, ya sake shan kashi. Sai wata murya ta fito daga maƙogwaron Baba, a shaƙe.

"A'a."

Ban motsa ba, don tsoron kada in kore ta. Tun safiyar Fatihar nan ban ji sautin bakinsa ba.

Ya karkata tafin hannu, ya share iska da gefensa. Atiku ya ce, "In ja da baya, Baba?" Ya girgiza kai, ya sake share iskar. "In yi tsalle?" Ya sake girgiza kai da ƙarfi. "To in fid da shi in sa Bulala?"

Nan na ga fuskar da na sani tun ina yarinya, ta malamin da ɗalibi ya kai bango. Ya ce, "Ge... ge..." kalmar ta maƙale. Haushi ya ci shi. Ya buɗe baki, ya zaro harshe waje, ya karkata shi da ƙyar, yana nuna gefensa da yatsa.

Daidai lokacin Inna ta fito daga madafa da muciya a hannu. Ta tsaya cak. Ga Malam Bube yana yi wa ɗansa gwalo a tsakar gida, ido na ganin ido.

"Ban gane ba, Baba," in ji Atiku. "Wane gefen? Sake in gani."

Baba ya kai harshen dama. Ya dawo da shi, ya kai shi hagu, can ɓarin da ya ƙi, ya tsaya a hanya yana rawa. Ya goge baki da hannun riga ya sake. Atiku ya tsura masa ido kamar mai ɗaukar karatu. Ina shirin in ce masa wai shi wane irin kai gare shi, sai idona ya faɗa kan hannunsa. Babban yatsansa tuni yana kan wurin da ake juya Lasau gefe. Ya gane tun nunin farko.

Da ya ga Baba ya gaji, sai ya ce, "Au, shi juya shi share da gefe?" Ya juya dodon. Lasau ya bar ƙoƙarin ɗaga harshe, ya ja shi a ƙasa ya share ƙafafun mai ƙaho, wancan ya zame ya kifa. Duk da haka Lasau aka ci a ƙarshe, sai dai ya daɗe a fage. Suka yi ta sakewa har can ya ci sau ɗaya. Baba ya yi dariya da rabin baki, Inna ta koma madafa tana share ido da gefen zane.

Na tare Atiku a zaure yana shirin tada babur. Na ce, "Da gangan kac ce a aje shi?"

"Adda, kin san Baba. Ba shi iya ganin an yi kuskure da halshe shi yi shiru."

"In da kuma zuciyatai ta karye fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Shi nika tsoro tun daga Tambuwal."

Na ji kunyar harare-hararen da na yi masa, na kuma ji son yaron nan ya cika mini ciki. Don kada ya gani sai na tambaye shi ko Lasau ɗin yana da kirki da gaske. Ya ce, "Bai kai Bulala ba. Amma bai yi lalacewar da nic ce ba."

Ya bar mini wata tsohuwar waya da wasan a ciki. Ni da nake kiran abin shiririta, ni na zama ɗalibar la'asar. Ban buƙaci yin ƙarya irin ta Atiku ba, don da gaske ban san dama da hagu a wasan ba, kullum sai na tura Lasau gaba da gaba an kashe mini shi. Baba ya yi ta yi mini gwalo yana gyara mini. Inna ta ɗauki aikin tsaron ƙofar zaure, kada baƙo ya faɗo ya ga abin da zai kai kasuwa. Wata rana na iske madubin nan a jingine da bango, ba a kife ba.

Kalmomi suka riƙa dawowa ɗai-ɗai, kuma a kan dodannin suka fara sauka. In Atiku ya zo ƙarshen mako sai su baje su. Bulala bai taɓa burge Baba ba. "Tsini... kawai," in ji shi, "babu tushe." Damo kuwa ya ce a bar shi da haƙurinsa, amma harshen da ya rabu biyu ba ya fid da harafi. Suka yi gardama a kan kunnen Lasau, Atiku na cewa ado ne, Baba na cewa wanda ya zana shi ya rasa abin yi ne. Rabon da in ji su suna gardama har na manta.

Amma Fatiha da ƙarfi bai sake gwadawa ba. Sallarsa a zaune yake yi, leɓe kawai ke motsi. In an ce masa ɗalibai sun zo gaisuwa sai ya ɗaga hannu a ce musu ya gode. Na san ubana. Ko magana dubu ta dawo masa, in babu harafin nan, a wurinsa bai warke ba, kuma ba zai zauna gaban kowa da sunan malami ba.

Wata magariba cikin damina ruwa ya tsuge, hanyar masallaci ta zama rafi. Atiku na gida. Muka shimfiɗa tabarmi a ɗakin Baba, shi a zaune, ni da Inna a baya. Baba ya yi wa Atiku nuni ya shiga gaba. Bai taɓa yin limanci a gaban ubansa ba. Ya bi Fatiha a hankali har ƙarshe, ya ce, "walal-lallin." Wannan karon ba dabara ba ce, lodinsa ke nan tun yana yaro.

Aka sallame, aka yi tasbihi, ruwa na dukan kwano. Sai na ga yatsan nan ya ɗagu.

"Gefe, Atiku," in ji Baba. "Jingina... ga turame."

Ya ja numfashi. Na ji Inna ta kama hannuna.

"Walad-dallin."

Ya ja harafin a hankali, da nauyi. Bai kai na da ba, amma lodi ne, ba lam ba. An riga an idar da salla, duk da haka ni da Inna muka ce amin.

Atiku ya gyara zama ya gwada. Lam ya fito masa.

"Sake," in ji Baba. Bai ko waiwayo ya dube ni ba ya ƙara da cewa, "Zahara'u, gobe a share zaure."