Barewar Nasira

Wata huɗu barewar da Abatcha ya tsinto a dajin Kelle ta yi a gidansu na Gure, sai aka wayi gari ta mutu, ciki a kumbure.

Likitan dabbobi ya duba ta, ya girgiza kai. "A daji dila da mafarauta ke kashe su, a gida kuwa gero. Wa ya cika mata ciki haka?"

Kellu, matar Abatcha, ta dubi ƴarta Nasira mai shekara biyar, wadda kullum take ɗibar gero a ɓoye wai ƙanwarta na jin yunwa. 

"Ni ce, Malam," in ji Kellu, tana jawo yarinyar jikinta. "Ban sani ba."