Yashin da Bai Dawo Ba

Tun da iskar gabas ta fara ja baya, Baba bai zauna wuri guda ba. A tsaye yake shan romon kifi, ya suri sanda ya nufi bakin teku, ya dawo, ya sake komawa. Tazarar da ke tsakanin ruwa da kabarin mahaifiyata yake aunawa. Bara taku arba'in ce, ranar Talata kuwa sha ɗaya.

A tsibirinmu kowa ya san halin yashi: iskar yamma ta kwashe shi, ta gabas ta maido shi. Shi ya sa da hukuma ta ce a mayar da kaburburan bakin ruwa tsakiyar tsibiri, Baba ya ƙi. Mahaifina ke nan, mai suna Don Maniku, kafaffe da taurin kai. Tsoro ya hana ni sukuni, haushinsa kuma ya ishe ni.

Sai ga Shifaza, ma'aikaciyar safiyo daga Male, babban birninmu, da taswira. Baba ya hango kalmar atol a jikin takardar, ya washe baki. Ya ce kalmar yarenmu ce, atolu, kakansa ya ce baƙin da jirginsu ya fashe a kan duwatsun murjanin tekunmu ne suka tafi da ita, yanzu duk duniya haka take kiran tsibiran da suka yi zobe.

“Zobe ne fa, 'yata. Abin da ya zagaya, dawowa zai yi.”

Ba ta yi masa musu ba. Ta kai mu bayan sabuwar katangar tashar jiragen ruwa. Ga yashinmu nan tuli guda, ya zo ya tarar da hanya a toshe.

Washegari Baba ya fara jido yashin da kwando zuwa gaban kabarin. Kwana uku yana zubawa, igiyar ruwa tana lashewa. A na huɗu na karɓi sandar na auna da kaina: taku bakwai.

“Baba, Inna za ta tafi, kuma ita ba iskar da za ta maido ta.”

Ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya ce in kira liman da masu haƙa. Da suka kai hannu ga dutsen kabarin mai zagayayyen kai, ya dakatar da su.

“Ku bar wannan. Ni na kafa shi, ni zan ɗauka.”