Kwalbar Baba Mai Kunne

A layinsu ana cewa Baba Mai Kunne yana jin tafiyar kiyashi a kan darduma. Mai shagon kusurwa yana rantsuwa cewa tsohon ya taɓa gane ruɓaɓɓen ƙwai daga ƙarar ajiye shi a kan kanta. Matarsa kuwa, kafin ta rasu, cewa take yi kunnen na gaske ne, sai dai ba ya aiki idan ita ce ke magana. Shekara talatin ya yi a gidan waya da abin sauraro a ka, yana haɗa masu kira, kuma da ya yi ritaya bai miƙa kunnen tare da kakin ba.

Abin alfaharinsa wata baƙar na'urar sidi ce mai kunna faifan waƙa, da ke kan teburin falo. An huda murfinta an dasa ƙaramar kwalba irin ta cikin tsofaffin rediyo, wadda ke yin ja kamar garwashi idan an kunna. Duk baƙon da ya shigo sai an zaunar da shi ya saurara.

"Ka ji ɗumin muryar nan? Kwalbar ce," in ji tsohon. "Mijin 'yata ne ya sa mini da hannunsa, tun yana neman aurenta. Ranar na ce yaron nan ya san abin da yake yi."

Mijin 'yar, wanda kowa ke kira Mai Gyara, ya san ba haka ba ne. A lokacin wata uku kacal ya yi da fara koyon aiki. Tsohon ya karanta a wata mujalla cewa kwalba tana gyara sauti, ya tambaye shi ko zai iya, shi kuma mai neman aure ba ya cewa ba zai iya ba. Kwana biyar ya yi yana fama, abu ya faskara. Sai ya ja waya biyu ya ba kwalbar wutar da za ta sa ta yi ja, ya bar sauti ya bi tsohuwar hanyarsa, ya ɗaure murfi. Shekara goma sha huɗu ke nan kwalbar tana ci kamar fitilar ado, ko tari ɗaya na mawaƙi bai taɓa bi ta cikinta ba.

Wata safiya matar Mai Gyara ta shigo shagonsa da na'urar a naɗe cikin tawul, ta ture wata fanka da aka kwance, ta ajiye ta a kan benci.

"Ga digirinka ya mutu," ta ce.

"Rage murya mana."

"Baba ya ce faifai yana tsalle, kwalba kuma ta daina ja. Wai idan kwalba ba ta da lafiya, dole waƙa ta yi ɗingishi."

Ita kaɗai ta san gaskiya. Tun shekarar farko ya faɗa mata, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, kuma tun daga ranar ba ta taɓa rasa makami ba idan sun yi gardama.

Ya kwance sukurori huɗu ya ɗaga murfi. Ƙura ce ta rufe idon da ke karanta faifai, ya goge da auduga, tsalle ya ƙare. Kwalbar kuwa tsufa ne ya cinye zaren wutar da ke cikinta. Ya tsaya yana kallon wayoyin nan biyu da ɗan tudun dalmar da ya liƙe su da ita, mai kama da kashin kaza, aikin hannunsa na ƙuruciya.

"Yanzu ai na iya," ya ce a hankali. "Zan haɗa masa ita da gaske. In na yi, ƙarya ta zama gaskiya, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani."

"Ashe dalma tana liƙe zunubi," in ji matar, ta ɗauki tawul ɗinta ta fita.

Kwana uku ya yi a kan aikin. Ya samo sabuwar kwalba daga cikin wata tsohuwar rediyo, ya zana hanya a takarda, ya auna, ya sake aunawa, ya bi da sauti ta cikin kwalbar kamar yadda littafi ya ce. Bai taɓa yin aiki mai tsabta kamar wannan ba.

Ranar Talata ya kai. Tsohon ya sa faifai, ya danna, ya jingina ya lumshe ido. Shiru. Ya buɗe ido ɗaya.

"Ɗumi take yi, Baba. Yanzu za ta kama."

Bayan kamar rabin minti waƙa ta taso. Tsohon ya saurari baiti ɗaya, ya karkata kai, ya saurari na biyu.

"Mura take yi," ya ce.

"Baba, sabuwar kwalba ce, sai ta..."

"Ɗana, na san muryar na'urata kamar yadda na san takun 'yata a tsakar gida. Wannan ba ita ba ce. Mayar mini da ita yadda take."

Mai Gyara ya koma shago, ya warware aikin kwana uku cikin minti ashirin, ya mayar da wayoyinsa biyu. Ranar Alhamis da aka danna, nan take waƙa ta fito, kwalba ta yi ja a banza kamar da.

"Yauwa!" in ji tsohon. "Ga ɗumin ya dawo. Hannunka albarka gare shi."

Mai Gyara ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ka. Har ya kai bakin ƙofa tsohon ya ƙara da cewa, "Af, jibi ka zo da sukundireba. Malamin Lantarki zai shigo. Shekaru yana ce mini kwalba ɗaya ba ta isa ta yi abin da nake faɗa ba. Ina so ka buɗe masa ya ga aikinka da idonsa, ya kama bakinsa."

Malamin Lantarki maƙwabcin tsohon ne, ya koyar a makarantar sana'a har gashinsa ya yi fari, kuma bakinsa ba ya riƙe ruwa. Kallo ɗaya zai yi wa wayoyin nan, kafin la'asar duk layin ya ji cewa Baba Mai Kunne ya yi shekara goma sha huɗu yana sauraron fitila.

"Ka ce sukundireba ta ɓata," in ji matarsa da ya faɗa mata.

"A shagon gyara?"

"To ka ce ciki ke damunka. Ai ba ƙarya ba ne, ga shi ina ji daga nan."

Ranar Asabar Mai Gyara ya je, matarsa ta bi shi ta shige kicin. Malamin Lantarki ya riga shi zuwa, ya ja kujera gaban teburin yana murza hannuwa. Mai Gyara ya durƙusa ya kwance sukuru na farko, sai na biyu, yana juya su a hankali kamar mai cire ƙaya. Malamin ya lalubi aljihunsa, ya lalubi ɗayan, ya duba ƙarƙashin kujera.

"Tabarauna! Yanzu fa na ajiye su nan."

"Wataƙila a gida ka baro su," in ji tsohon. "Je ka duba, ba inda za mu je."

Da ƙarar takalminsa ta yi nisa, tsohon ya zaro tabarau ɗin Malamin daga aljihun rigarsa ya ɗora a kan na'urar, kusa da kwalbar.

"Daga nan zuwa gidansa da dawowa minti biyar ne, in ya tsaya faɗa da matarsa bakwai," ya ce. "Shekara goma sha huɗu ina dannawa tana magana nan take. Ranar Talata sai da ta yi ɗumi tukuna. Rediyon mahaifina ma haka take yi, sai kwalba ta yi zafi take buɗe baki. Sai na zauna na tambayi kaina, to da can wa ke yi mini waƙa kafin kwalba ta farka?"

Mai Gyara ya kalli sukurori biyu a tafin hannunsa. Ya kalli ƙofar kicin, inda labule ke rawa ba tare da iska ba, ga kuma yatsun ƙafar matarsa a ƙarƙashi.

"Ba na ji sosai kwanan nan," in ji tsohon, yana kara hannu a bayan kunne. "Ka ce wani abu?"

Mai Gyara ya ajiye sukundireba a ƙasa, ya gyara durƙusonsa.

"Baba, kwalbar nan ban taɓa haɗa ta da sauti ba. Ban iya ba a lokacin, kuma na ji tsoron in faɗa ka hana ni 'yarka. Na yi maka ƙarya, na bar ka kana yabona a gaban mutane. Ka yi haƙuri, Baba. Ka yafe mini."