Hansatu a Aljihun Malam Shitu

Daren jiya Malam Shitu ya yi wani mafarki, shi da yake cewa gajiya ta daɗe da hana shi mafarki. Malamin Turanci ne a sakandare, kuma duk zangon da aka zo darasin kwatanta abu da abu, ba ya wahalar da kansa wajen neman misali. 'Ya'yansa mata biyu yake ɗorawa a allo. Sakina ta fi Hansatu tsawo. Sakina ta fi Hansatu ƙoƙari. Ɗalibai su maimaita da ƙarfi, a kaɗa ƙararrawa, ya kakkaɓe hannu ya fita.

To, sai ga shi a wani gari inda ruwan sama ke tashi daga ƙasa yana komawa gajimare, mutane na tafe a jiƙe daga ƙafa zuwa gwiwa, kawunansu a bushe. Bai yi mamaki ba, don mamaki ma sai da ƙarfi. Ya ji motsi a aljihun rigarsa, ya sa hannu, ya ciro Hansatu. Ga ta nan da hijabinta na makaranta, shekararta goma sha huɗu, tsawonta daidai da alli.

"Sannu da aiki, Baba," in ji ta.

Kafin ya amsa ya tsinci kansa a ofis. Wani bunsuru mai tabarau yana zaune bayan tebur yana taunar fayil.

"Kai ne mai allo?" in ji bunsurun.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"A garin nan duk abin da aka rubuta a allo zartar da shi muke yi. Ka ce wannan ta fi waccan, mu yanko daga waccan mu ƙara wa wannan. Leƙa taga."

Malam Shitu ya leƙa. Ƙafafun Sakina kawai ya gani a tsakiyar kasuwa, an ɗaure igiyar shanya a gwiwarta, sauran jikinta ya shige gajimare.

"Misali ne fa kawai," ya ce. "Don yara su gane."

"Sun gane. Ita ma Hansatu ta gane." Bunsurun ya haɗiye abin da ke bakinsa. "Yau za mu rufe fayil ɗinta. Idan kana so a mayar maka da ita yadda take, faɗi abu ɗaya a kanta ba tare da ka jingina ta da kowa ba. Sau uku za ka gwada."

Malam ya ji daɗi, ya ga abin ba wuya. Ya ɗora ta a tebur, ya gyara murya irin ta gaban aji.

"Hansatu ta fi yayarta haƙuri."

A waje aka ji Sakina ta yi ƙara, an yanko kaɗan daga jikinta. Hansatu kuwa ba ta ƙaru ba, ta koma kamar ƙwayar gyaɗa. Bunsurun ya ce ai yabo ma jinginawa ne.

"Ba ta da surutu kamar..." Ya kama bakinsa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ta koma kamar ƙwayar gero.

Saura ɗaya. Ya lalubi kansa ciki da bai. Wane abinci take so? Wace ce ƙawarta? Me take ba mutane dariya da shi? Duk abin da ya ɗauko sai ya tarar da Sakina liƙe a gefensa. Mutumin da ya yi shekaru yana cika allo da jimloli ya rasa guda ɗaya. Kunya ta kama shi, tsoro ya biyo baya.

Daga kan teburin wata 'yar murya ta ce, "Bar shi, Baba. Ka gaji."

Bunsurun ya miƙo wuya, ya fara sharar teburin da gemunsa, shar, shar, yana matsowa inda take.

Ƙarar tsintsiya ce a tsakar gida. Malam Shitu ya farka a kan kujera, littattafan ɗalibai a cinyarsa, jan biro a ƙasa. Ya tashi ba takalmi ya fita. Hansatu ce ke shara, cikakkiyar mutum, ta ɗaure zani a kan rigar barci. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonta, ya daɗe, har ta ji ido a jikinta. Ta ɗago, ta rusuna ta gaishe shi, sannan ta nuna ɗaki da tsintsiya.

"Sakina kake nema, Baba? Tana ciki."