Mataccen Mahaɗi a Shafin Baba

Aikina roƙo ne, sai dai da kwamfuta ake yin sa. Haka nake gaya wa Yaya duk lokacin da ta tambaye ni, ita kuma ta ce in daina faɗin haka a gaban surukanta. To me zan ce? Kamfanoni suna kawo mana shafukansu na intanet, suna so idan mutum ya bincika abin da suke sayarwa, injin bincike ya ɗora su a sama. Shi kuwa injin ba ya yarda da kai sai ya ga wasu shafuka suna nuno ka, wato sun sa mahaɗin da in an danna zai kawo mutum wurinka. Ni ce mai bin masu shafukan nan ɗaya bayan ɗaya, ina cewa don Allah ku nuno mu. A wasiƙa ɗari, idan biyu suka amsa, ranar na taki sa'a, ko da ɗaya daga ciki zagi ne.

Gwajin wata uku aka ɗauke ni. Manaja ya ce mahaɗi ashirin yake so kafin a tashi ranar Alhamis ɗin ƙarshe, in ba haka ba kowa ya kama gabansa. Ranar Litinin ta makon ina da goma sha huɗu. A rubuce suke a farin allon da ke bango, tsakanin agogo da tagar da ba ta kallon komai sai bayan wani gini. Na gaji, gajiyar da barci ba ya kawar da ita. Shekara biyu na yi ina yawo da takardu kafin in sami kujerar nan, kuma ko kujerar ƙafarta ɗaya da kwali aka tallafe ta.

Dogo, wanda teburinsa ke manne da nawa, shi ya koya mini dabarar matattun mahaɗai. Akwai manhajar da ke zaƙulo shafukan da ke nuna wani wuri da ya riga ya rufe. Sai ka rubuta wa mai shafin cikin ladabi, ka ce mun lura mahaɗi kaza ya mutu, ga namu mai rai, ku sa a madadinsa. Kamar ka yi masa alheri ke nan, alhali kanka ka sani. Kamfanin da aka ba ni tukwanen shuka da iri yake sayarwa. Manhajar ta kawo mini shafuka tamanin, na tura musu wasiƙa iri ɗaya, ko ɗaya ban buɗe na duba ba. A sana'armu ba a buɗewa, don mai buɗe kowane shafi ba zai cika lamba ba.

Ranar Talata da hantsi wayar tebur ta yi ƙara. Muryar dattijo ce, mai magana a tsanake irin ta wanda ya daɗe yana koyarwa.

"Salamu alaikum. Ke ce kika rubuto mini cewa ya mutu?"

"Wa alaikumus salam, Baba. Wane shafi ne naku?"

Ya faɗa mini, na buɗe. Shafi ne ɗan ƙarami, fari fat, na tsohon malamin makaranta. Ya jera darussan lissafi na yara, a can ƙasa kuma layi ɗaya: ga shafin 'yata, tana koya wa mutane shuka a bokiti.

"Na san ya mutu, 'yata," in ji shi. "Ita ma mai shi ta rasu, bana shekara biyu. Wa'adin shafin ya ƙare, mu kuwa ba mu san ana sabuntawa ba. Sai wata rana na danna, ya ƙi buɗewa."

Na ce Allah ya ji ƙanta, na ba shi haƙuri, na sake ba shi haƙuri, har na rasa na me nake bayarwa.

"Ba faɗa na kira in yi ba. Na ga kun gane ya lalace, shi ne na ce ƙila kun san gyaransa. Shekara shida tana rubutu a ciki. Tumatir, na'ana'a, barkono, duk a barandar gidan haya. Ni dai in sake ganin rubutun."

"Zan duba, Baba."

Da gaske nake lokacin da na faɗa. Na sa adireshin shafin yarinyar a manhaja, don in ga ko akwai abin da ya rage. Rubutun kam babu, ya tafi da rufewar shafin. Amma adireshin yana nan ba mai shi, duk wanda ya so zai iya saye. Sai kuma manhajar ta nuna wata lamba da ban nema ba: shafuka arba'in da uku har yanzu suna nuno shi. Makarantu, ƙungiyar manoma, har da wata jarida.

Dogo, wanda idonsa ba ya zama a allonsa, ya leƙo ya yi fito.

"Kai! Ranki ya daɗe, ina kika tono wannan? Oga, zo ka ga abin da Auta ta kamo!"

Auta suke ce mini, don ni ce ta ƙarshen shigowa. Na so in rufe, amma Manaja ya riga ya taso da kofin shayinsa. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce a sayi adireshin yanzu, a karkata shi zuwa shafin masu tukwane. Duk wanda ya danna tsohon mahaɗin a ko'ina, shagon zai faɗa, injin bincike kuma zai lissafa arba'in da ukun nan a matsayin namu.

"Oga, na marigayiya ne. Yanzu mahaifinta ya kira ni."

Manaja ya ajiye kofin. Ba mugu ba ne, gara ma a ce mugu ne, da na sami wanda zan tsana. Mutum ne mai furfura tun bai kai arba'in ba, wanda shi ma akwai mai rubuta masa lamba a wani allon.

"Allah ya ji ƙanta. Amma Auta, ki saurare ni. Manhajar nan ba mu kaɗai ke da ita ba. In ba mu saya yau ba, jibi wani zai saya ya juya shi zuwa shafin caca. Tsohon ya danna sunan 'yarsa ya ga caca, ko ya ga tukwanen furanni, wanne ya fi?"

"To mu saya mu ba shi."

"Ya yi me da shi? Rubutun ya dawo ne?"

Bai dawo ba, ni da shi duk mun sani.

"Ke kika gano, a lambarki za a sa. In kuma ba ki so, Dogo yana so."

Dogo ya sunkuyar da kai, ya hau danne-dannen da ba na komai ba. Na dubi allon bango, na tuna katifar da nake shimfiɗawa a falon Yaya, da yadda mijinta ke tsallake ta da safe ba ya cewa komai. Da hannuna na yi aikin. Bai ɗauke ni minti goma ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Dogo ya goge sha huɗu ya rubuta hamsin da bakwai, aka yi mini tafi, har mai shara ta taya su ba tare da ta san dalili ba.

Laraba ban kira Baba ba. Na ɗauki wayar sau uku ina ajiyewa. Na shirya maganar a raina, yadda zan ce masa rubutun ya tafi, adireshin kuma yanzu na wani kamfani ne. Duk yadda na juya ta, ba ta da daɗin faɗa, sai na ce bari sai gobe.

Alhamis bayan azahar Manaja ya zo da takardar tabbatar da ni a aiki. Ya ajiye mini ita da biro, yana nuna mini inda zan sa hannu, sai wayar ta yi ƙara.

"'Yata! Ya buɗe!"

Ban taɓa jin murya ta canza haka ba. Kamar an cire masa shekara ashirin.

"Na danna yanzu, sai ga tukwane, ga ganye kore shar. Na ce wa mahaifiyarta, yarinyar nan ta cika alkawari. Rubutun ne ban gani ba tukuna. Ko shi sai a hankali?"

Manaja yana tsaye a kaina. Ya ji komai, don wayar ofishinmu ba ta da sirri. Ya kawar da kai yana kallon taga. Na buɗe baki da niyyar faɗin gaskiya, Allah ya sani.

"Sai a hankali, Baba."

"Ba komai, ba komai, mu masu jira ne. Aikin da ya yi shekara shida ai ba zai dawo rana ɗaya ba. Allah ya yi miki albarka, Allah ya ba ki masu yi miki. Tsaya kar ki kashe, ga mahaifiyarta. Tun da aka yi rasuwar ba ta cika magana da kowa ba, amma ta ce ke kam sai ta gode miki da bakinta."

Na so in ce a'a, a bari, ana kirana. Ban ce ba. Na riƙe wayar da hannu ɗaya, biro a ɗayan, ina jin takun silifas yana matsowa a hankali, ina jin ana miƙa wayar daga hannu zuwa hannu. Sai tsohuwar ta gyara murya, ta yi mini sallama.