Ragon Gwaji a Jiwa

A shekarun da farar hula suka dawo mulki, kuɗin mai ya yi wa Abuja yawa, gwamnati ta ce ta gaji da sayo kayan soja daga waje, a gida za a riƙa yin su. Magana mai kyau, sai dai ta faɗa hannun irin su Dakta Abdulmajeed, darakta a wata ma'aikata, mutumin da ko man goge baki daga Landan ake kawo masa. Shi aka ba shugabancin kwamitin tantance rigunan sulke masu tare harsashi. Kwangilar kuwa ta tafi wurin abokinsa Alhaji Yelwa, wanda kafin nan labule yake ɗinka wa ofisoshi.

Ranar gwaji aka kwashi jerin motoci zuwa wani fili a bayan Jiwa. Yelwa ya zo da ƙaton rago, wai tun kaka da kakanni da dabba ake gwada maganin bindiga. Aka ɗaura wa rago riga, wani soja ya harba. Rago ya zube yana shure-shure, jini na bin ƙarƙashin rigar.

"A kawo wuƙa kar ya zama mushe," in ji Dakta. Iyakar gaggawar da ya gani ke nan.

"Oga, tsoro ne ya kayar da shi," Yelwa ya ce yana murza hannu. "Rago ai ba shi da tirenin ɗin soja."

Aka bushe da dariya. Kafin la'asar manyan masu digiri sun cinye shaidar da yaji da albasa, kwamiti ya amince da riga, Dakta ya tafi gida da cinya guda a but ɗin mota. Ban taɓa ganin taron marasa kunya irin wannan ba.

Bayan damina sai ga ɗan Dakta, Lukmanu, sabon laftanar, ya zo sallama, an tura su inda ake artabu. Ya buɗe jaka cike da alfahari ya ciro rigar sulken da aka ba shi. Dakta ya gane ɗinkin tun daga nesa. Ya shige ɗaki ya kira Yelwa, ya ce a nemo masa ta waje ko nawa ce.

"Haba oga, ba kai ka rubuta takardar hana shigo da su ba? Ko ɗaya babu a garin nan."

Dakta ya fito ya ja yaron gefe. Ya san in ya faɗi gaskiya kujera ta tafi, wataƙila har da gidan yari. Sai ya ɓige da cewa, "Kar ka riƙa shiga gaba."

"Dadi, ni ne gaban yarana," Lukmanu ya ce yana dariya, ya fita gaida maƙwabta.

A falo Hajiya Ameera, uwar yaron, ta ɗora rigar a cinya tana ɗinke laya a cikinta. Allurar na shigewa sumul, ba ta ko tsayawa. Ta dakata, ta juya rigar, ta ɗago ta dubi mijinta.

"Baban Lukmanu, kun dai gwada ta ko?"

Ya dubi allurar.

"Mun gwada," ya ce.