Malamai Uku a Gindin Bedi

Malam Audi bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Malamin allo ne a Wurma, mutum mai tsantseni, da ya hango mai kyamara sai ya canza hanya. Ya rasu matarsa Barira na da tsohon ciki, don haka 'yarsu Hamdiyya ta tashi ba ta san ubanta ba sai a bakin mutane.

Da Hamdiyya ta yi haihuwar fari, wata tsohuwa ta ce jaririn ya ɗebo kamannin kakansa. Bayan an watse daga suna Hamdiyya ta ce wa mahaifiyarta, "Inna, wai da gaske ne?"

Barira ta shiga tuno kamannin Malam. Muryarsa tana nan a kunnenta, har gyaran muryar da yakan yi kafin ya shigo gida. Amma fuskar ta neme ta ta rasa. Ba ta san ranar da ta kuɓuce mata ba.

Abin ya tsaya mata a rai har ta tuna wata walimar saukar karatu a gidan maƙwabcinsu Alhaji Sada, inda aka ɗauko mai hoto daga Dutsin-Ma. Ranar Malam ya dawo yana faɗa, wai an haska masa wuta a fuska ba a tambaye shi ba.

Da Hamdiyya ta gama wankan jego, ita da Barira suka shiga mota zuwa Dutsin-Ma. Sun sha tambaya kafin a nuna musu shagon mai hoton, Cornelius, wanda yanzu ya tsufa, ya koma hoton fasfo da kwafin takardu. Ya saurare su har ƙarshe, sannan ya girgiza kai.

"Hajiya, fina-finan hotunan wancan lokacin ruwa ya cinye su. Rufin ɗakin ajiya ne ya yi yoyo, suka manne da juna. Amma bari in duba wani abu."

Ya jawo wani kwali. A da, in ji shi, idan ya wanke fim sai ya shimfiɗa shi a kan takarda guda ya buga duk hotunan ƙanana-ƙanana, don masu biki su zaɓi waɗanda za a fitar musu. Wanda aka zaɓa da wanda aka ƙi, duk suna nan a jere kamar yadda aka ɗauka. Ya daɗe yana juya takardun yana karanta bayansu, har ya zo kan ta Wurma.

Ya ɗora gilashin ƙara girma yana bi ɗaya bayan ɗaya. Ga masu sauka da allunansu, ga Alhaji Sada cikin babbar riga. Can kusa da ƙarshe ya tsaya.

"Ga wasu malamai uku a gindin bishiyar bedi. Wannan ba a taɓa fitar da shi ba. Na gabansa kuwa duk sun kau da kai, da alama sun gan ni."

Hamdiyya ta karɓi gilashin ta duba. "Ina ganinsu sarai. Inna, zo ki nuna min shi."

Barira ta sunkuya. Yanar ido ta daɗe da fara rufe mata gani, ko zare ba ta iya zurawa a allura. Ta matso da takardar, ta nisanta ta, ta fita da ita bakin ƙofa inda rana take. Ba ta ga komai ba sai fari-fari uku a cikin hazo.

"Dogo ne," ta ce.

"A zaune suke, Inna."

"Yana da gemu."

"Duk suna da shi."

"To akwai ɗan tabo a gefen girarsa."

Hamdiyya ta sake duƙawa, ta daɗe. Kowace fuska ba ta kai ƙwayar wake ba.

Cornelius ya ce bari ya gwada na'ura. Ya ɗauki hoton ya buɗe shi a kwamfuta, amma yana ƙara masa girma fuskokin suna wargajewa, har suka koma dabbare-dabbare. Ya ce da fim ɗin na nan, da ya fitar musu da shi har a ga gashin gira. Shi kuma baƙo ne a wurin ranar, bai san kowa ba.

"Babu wanda ya san shi da zai duba muku?"

Barira ta yi ta laluben sunaye. Alhaji Sada ya rasu. Abokan karatun Malam sun bi shi ɗaya bayan ɗaya. Ƙaninsa Hudu ya tashi daga ƙauyensu na wajen Barkiya lokacin da zama ya gagara saboda rashin tsaro, har yau ba a san inda ya sauka ba.

Cornelius ya sa takardar a ambulan ya miƙa mata da hannu biyu. "Ki tafi da ita. Tabbas yana ciki."

A tasha, suna jiran motar Kurfi da za ta mayar da su gida ta cika, Hamdiyya ta sake zaro takardar ta kare ta da mayafi.

"Ni dai raina ya fi kwanta min da na tsakiya. Ko shi ne, Inna?"

Barira ta so ta ce eh, ko don yarinyar ta samu abin riƙewa. Amma ba ta da tabbas. Ta shafa takardar da yatsa, ta ji ta sumul.

"Mayar da ita kada ta lanƙwashe," ta ce.